A Kan Keke Cikin Tsaunukan Filato: Hanyoyi Huɗu Daga Jos

Ɗalibai 'yan'uwa, duk wanda ke zuwa makaranta a kan keke a Kano ko Katsina ko Maiduguri ya san keke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: ka taka feda ta tafi, ka daina ta ɗan mirgina sannan ta tsaya. A Filato abin ba haka yake ba. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Da wuya ka yi tafiyar kilomita biyu a nan ba ka gamu da hawa ko gangara ba. Shi ya sa mai keke a Filato yake sanin ƙasarsa fiye da wanda ya ratsa ta a mota, domin kowane tudu sai ƙafarsa ta ji shi, kuma ƙishirwa ko facin taya sai sun tsayar da shi a ƙauyen da mota za ta wuce a guje.

Mu goma sha biyu ne, maza da mata, daga wata makarantar sakandare a Jos, tare da malamanmu biyu da motar makaranta tana bin mu a baya. A hutun ƙarshen shekara muka bi hanyoyi huɗu, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Yawancinmu a Jos aka haife mu, amma ƙauyuka da dama da muka ratsa sunansu kawai muka sani, shi ma daga labaran rediyo. Ga abin da muka gani, ko wasunku za su so su gwada.

Hanya ta farko: Lamingo zuwa gindin Shere

Wannan ita ce ta gwaji, ta rabin yini. Daga cikin gari aka nufi gabas, aka wuce madatsar ruwa ta Lamingo, sai ga tsaunukan Shere sun tare gaba. Ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma nan ne wuri mafi tsayi a duk tudun Jos. A gindinsu akwai cibiyar horar da matasa jarumta da shugabanci, inda ake koyar da hawan dutse. Ƙauyukan wannan yanki galibi na Afizere ne, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa.

A nan malaminmu na lissafi ya koya mana amfanin giya. Ya ce mu ƙirga haƙoran faifan gaba, wanda feda ke juyawa, da na faifan baya da ke jikin taya. Idan na gaba yana da haƙora 44, na baya 11, to duk juyi ɗaya na feda zai juya taya sau huɗu. Wannan giya ta miƙaƙƙiyar hanya ce, tana da gudu amma tana da nauyi. Idan kuwa sarƙa ta koma kan faifai mai haƙora 28 a gaba da mai 28 a baya, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya. Tafiyar za ta yi sanyi, amma ƙafa ba za ta gaji ba, kuma da ita ake cin tudu. Ya kuma ja kunnenmu mu canza giya tun kafin hawa ya yi tsanani, don idan an riga an danne feda da ƙarfi sarƙa takan ƙi sauka, wani lokaci ma ta tsinke.

Huɗu daga cikinmu kekunansu ba su da giya, irin tsofaffin Phoenix da Raleigh na iyayenmu ne. Idan tudu ya fi ƙarfinsu sai su sauka su tura. Ba wanda ya yi musu dariya, don mun ga magidanta sun labta wa kekunansu itace da buhunan amfanin gona suna turawa a wannan hanya, kuma kafin la'asar sun isa inda za su. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanya ta biyu: Bukuru, Vom da Kuru

Kwana biyu bayan nan muka nufi kudu. Tafiyar zuwa da dawowa kimanin kilomita 60 ce, kuma tudunta masu sauƙi ne, suna hawa suna sauka a hankali. Mun fita da ƙarfe bakwai na safe kowa da rigar sanyi, domin a watan Disamba sanyin asuba a Jos yakan sauka kusa da digiri 10. Dalili kuwa shi ne tsayin ƙasar: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.

Daga Bukuru zuwa gaba za ka riƙa ganin manyan tsibin jar ƙasa da tafkuna a gefen hanya. Ba halittarsu ke nan ba, aikin haƙar kuza ne. Kamfanonin Turawan Ingila sun soma haƙar kuza a Filato tun farkon ƙarni na 20, har suka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Bukuru a 1914, aka rufe ta a 1957. Dubban leburori daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Nijeriya sun zo aikin, kuma ta haka garuruwa irin su Bukuru suka cika. Da kasuwar kuza ta faɗi, aka bar ɗaruruwan ramuka, ruwan sama ya cika su. Yau manoman rani suna jan ruwansu da injin ban-ruwa, suna noma kabeji da karas da latas da tumatir, waɗanda ake lodinsu zuwa Abuja da Legas. Amma a kiyaye: bakin waɗannan tafkuna a tsaye yake kamar rijiya, zurfinsu ba ya nunawa daga sama, kuma sun sha cin yara. Komai zafin da mai keke ya kwaso, kada ya shiga wanka.

A Vom muka tsaya gaban Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda take nan tun 1924. A nan ake sarrafa alluran rigakafin cututtukan shanu da kaji da ake kai wa sassan ƙasar nan. Ta taka rawa a yaƙi da bushiya, cutar da ta taɓa share garken Fulani, wadda aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya a 2011. Malamarmu ta labarin ƙasa ta nuna mana wani abin da ya fi ba mu mamaki. A kusa da Vom ne kogin Kaduna yake faro wa, ɗan rafi ne da yaro zai tsallake, kafin ya girma ya ratsa garin Kaduna ya je ya faɗa Neja. Kogin Gongola ma daga gabashin tudun nan yake tasowa, ya haɗu da Binuwai a Numan. Shi kuwa kogin Dilimi da ya ratsa Jos, arewa yake nufa, ruwansa ya bi ta Jama'are zuwa kogin Yobe, ya doshi tafkin Chadi. Wato ruwan saman da ya zuba a wannan tudu, wani manomin Neja ne zai sha, wani na Adamawa, wani na Yobe.

A hanyar komawa muka bi ta Kuru, inda Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa take tun 1979. A Kuru ɗin ne kuma layin dogo ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Bauchi da Gombe har Maiduguri, inda ya isa a 1964.

Hanya ta uku: Riyom da bakin Hawan Kibo

Daga shataletalen Mararrabar Jama'a hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce babbar hanyar Akwanga da Abuja, kuma ita muka bi a rana ta uku. Ƙasar Berom ce, fili ne mai faɗi da ciyawa, duwatsu a warwatse kamar an zuba su da gangan. A Riyom akwai shahararren dutsen nan da manyan duwatsu suka hau kan juna, kai ka ce yanzu za su faɗo, alhali sun shekara dubbai a haka. Ruwa da iska ne suka cinye sassa masu taushi, masu taurin suka rage a tsaye.

Gidaje da gonakin wannan yanki an kewaye su da shingen ƙyarana. Tsiro ne mai ƙaya, da farin ruwa kamar nono wanda ke ƙona ido da fata. Mutanen da sun yi amfani da shi wajen kare ƙauyukansu daga mahara masu dawakai, yanzu kuma yana hana dabbobi shiga gona. Mai keke ya yi nesa da gindinsa, don ƙaya ba ta raga wa taya. Tayar ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta sace a daidai wani ƙauye kafin Hoss, muka tsaya gaba ɗaya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro.

Kafin mu gama ciro tub, wata dattijuwa ta fito daga gida da bokitin ruwa da kofi. Ta ce, "Sannunku 'ya'yana, daga ina haka da rana tsaka?" Muka ce, "Daga Jos, Mama." Ta riƙe baki, ta ce, "A kan keke? Har da ku 'yan mata? To ku sha ruwa tukuna." Ta aika jikanta ya kira wani mai faci da ke bakin hanya. Ya zo da sholisho da guntun roba, ya tsoma tub a ruwa har kumfa ta nuna hujin, ya kankare wurin, ya shafa, ya jira ya sha iska, sannan ya manna. Ya ce da abokiyarmu, "Ƙanwata, kafin ki mayar da tub, ki shafa cikin taya da yatsa. In ƙayar tana nan, aikin banza muka yi." Aka kuwa same ta a maƙale. A nan muka koyi cewa da harshen Berom "mafeng" ake cewa idan za a yi godiya, kuma da muka faɗa sai duk gidan suka fashe da dariyar jin daɗi. Da Hausa muka yi sauran hirar, domin ita ce harshen kasuwa da hanya a kusan duk faɗin jihar.

Gaba kaɗan tudun Filato yake ƙarewa, ƙasa ta zube zuwa kwari. Nan ne Hawan Kibo, gangara mai tsawo da kwanoni, inda manyan motoci suka sha ƙwacewa idan birki ya tsinke. Malamanmu sun yanke tun daga gida cewa ba mai sauka nan a kan keke. Muka loda kekuna a mota, muka gangara zuwa mafaɗar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos. Cikin 'yan mintoci muka tuɓe rigunan sanyi, ciyawa ta koma kurmi, iska ta yi ɗumi. Abin da muka karanta a aji game da tsayi da yanayi, ranar muka ji shi a jikinmu.

Ko da yake ba mu sauka Hawan Kibo a keke ba, gangara ba ta ƙarewa a Filato, don haka ga ƙa'idojinta. A kama birkin gaba da na baya tare, ana matsawa ana saki, saboda idan aka riƙe shi ɗaurin rai ƙarfen taya yakan yi zafi, robar birki ta daina kamawa. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Kada a fizgi birkin gaba shi kaɗai, yana iya kifar da mutum ta kai. Sannan abin da muke gani wasu samari suna yi, na kama bayan tirela ko tifa don ta ja su a hawa, wasa ne da rai. Direba ba ya ganinsu, kuma babbar mota takan ja da baya idan ta kasa tudu.

Hanya ta huɗu: kwana biyu zuwa Pankshin

Ta ƙarshe ita ce babba, kimanin kilomita 120, don haka muka raba ta biyu. Daga Mararrabar Jama'a muka ɗauki hannun hagu, muka wuce Heipang, inda filin jirgin sama na Yakubu Gowon yake, muka isa Barikin Ladi. Daga wannan yanki akwai hanyar da ta ratse zuwa Kurra, inda kamfanin NESCO yake samar da lantarki da ƙarfin ruwa tun wajen 1929. Don ma'adinan kuza aka kafa shi, kuma har yau wasu garuruwan Filato suna shan wutarsa.

Tsakanin Barikin Ladi da Mangu iskar hunturu ta taso mana ta gaba. A nan muka gane amfanin tafiya a jere: na gaba yana tsaga iska, na bayansa suna samun sauƙi, bayan 'yan mintoci ya koma baya wani ya karɓa. Wanda ya ce shi gwani ne ya yi gaba shi kaɗai, ba a jima ba muka tarar da shi yana haki. Gonaki a nan na masara ne da acca da dankalin Turawa. Sanyin ƙasar ne ya sa dankalin yake yi, shi ya sa mafi yawan wanda ake soyawa a biranen Nijeriya daga Mangu da Bokkos da Barikin Ladi yake fitowa. Mun kwana a wata makaranta a Mangu, inda aka tarbe mu da gwaten acca mai zafi da ganye. Ba mu taɓa jin daɗin abinci kamar na wannan dare ba.

Washegari muka shiga tsakiyar ƙasar Mwaghavul. A Panyam akwai gonar kifi ta gwamnati tun shekarun 1950. Kusa da nan, wajen Kerang, tsaunuka sun canza kama, sun zama masu siffar malfa, ƙasarsu ja mai duhu. Tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. Tokarsu ce ta sa ƙasar wurin take da albarka, kuma daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura ruwan kwalba na Swan. A wannan yanki ne kuma tafkin Ampidong yake, a cikin bakin ɗaya daga cikin duwatsun.

Daga Panyam zuwa Pankshin ne ƙafa ta gaya wa kowa gaskiya. Hawa ne bayan hawa, kana cewa ka gama sai wata kwana ta buɗe maka wani. Amma a nan muka ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Ngas, waɗanda Hausawa ke kira Angasawa, sun jera duwatsu a jikin tsaunuka sun yi gonaki hawa-hawa kamar matakala, don kada ruwa ya wanke ƙasa. Aikin kakanni ne, da hannu, dutse bayan dutse. Mu da muke kukan hawan awa biyu, sai muka ga mata suna hawa da kaya a kai suna hira, har suna ce mana, "Sannunku da ƙoƙari, saura kaɗan." Mun shiga Pankshin da la'asar, motar makaranta ta dawo da mu Jos washegari.

Maganar tsaro

Ba za mu ɓoye muku ba, iyayenmu da yawa sun yi jinkiri kafin su sa hannu a takardar izini, kuma suna da hujja. Tun rikicin Jos na watan Satumba 2001, jihar ta sha fama da tashe-tashen hankula, musamman a ƙananan hukumomin Riyom da Barikin Ladi da Mangu da Bokkos. A watan Disamba 2023 hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi sun halaka mutane fiye da 100. A cikin Jos kanta unguwanni sun rabu, har akwai sa'o'inmu da suka girma ba su taɓa taka wasu sassan garinsu ba.

Saboda haka malamanmu suka bi kowace hanya a mota tun kafin ranar tafiya, suka gaida masu unguwanni, suka sanar da jami'an tsaro. Da ɗan gari akan ci gari. Mun so mu ƙara da Bokkos, amma dattawan da aka tuntuɓa suka ce a dakata, muka kuwa dakata. Ba mu taɓa kai magariba a hanya ba, ba mu bar kwalta mun shiga daji ba, a kowane shingen jami'an tsaro mun sauka mun yi gaisuwa, kuma ba mu ɗauki hoton kowa ko gidansa ba sai da izini.

Duk da haka, abin da muka samu ya fi abin da muka ji tsoro. A ƙungiyarmu akwai Bahaushe da Berom da Bafulatani da Ngas da Ibo, kuma tudu bai tambayi kowa sunansa ba. Wanda ya gaji, na kusa da shi ne ya dafa masa baya ya tura shi. Mun sayi nono a hannun matan Fulani, mun sayi tumatir a hannun matan Berom, a bakin hanya ɗaya. Yanzu idan aka ambaci Riyom ko Mangu a labarai, fuskokin mutane muke tunawa, da wadda ta ba mu ruwa, da wanda ya yi mana faci. Keke ba zai kawo ƙarshen rikici ba, amma yana da wuya ka yarda da mugun zance a kan mutanen da ka zauna a inuwarsu.

Ga mai son gwadawa

Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan Filato yana da yawa, kwalta tana santsi, birki ba ya kamawa sosai, wani lokaci har da ƙanƙara. Kafin a fita a duba birki da iskar taya, a sa wa sarƙa mai, a daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. A tanadi hular kwano, da riga mai haske da direba zai hango, da famfon iska, da tub na ajiya, da sufana. A riƙe ruwa aƙalla gora biyu, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo, da ɗan abin taɓawa kamar dabino ko gyaɗa ko ayaba. A tafi da babba, a bi gefen dama a layi ɗaya, kuma a bar wa na gida bayanin hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Ba sai kun zo Jos ba. Na Zariya suna da Kufena, na Jigawa suna da duwatsun Dutse da Birnin Kudu, na Zamfara suna da Kwatarkwashi, na kudancin Kaduna suna da Kagoro, na Barno suna da tudun Biu. Ku sami malamin labarin ƙasa ko na wasanni, ku zaɓi hanyar da ba ta wuce kilomita 20 ba a karon farko, ku riƙe littafi ku rubuta sunan kowane ƙauye da rafi da abin da ake nomawa. Idan kun dawo ku aiko wa wannan shafi da labarin, mu ma mu karanta mu san taku ƙasar.